Bajon Mayaƙan Sama da Tarihin da Ke Ɗinke a Jikinsa

Gabatarwa

Idan aka ce za a yi nazarin tarihi, abin da ke fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne littattafai, da takardun Turawa da ke jibge a gidan ajiya na Kaduna, da kuma hira da dattawa. To, amma akwai wasu ƙananan shaidu da ba a cika kula da su ba, alhali kuwa suna ɗauke da labari mai yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne bajo, wato ɗan ƙyallen nan ko 'yar fatar nan mai zane wadda mayaƙan sama ke ɗinkawa a ƙirji ko a kafaɗa don a san rukuninsu. Rukuni a nan shi ne ƙungiyar jirage kamar 12 zuwa 24, da matuƙansu da makanikansu, a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Girman bajo bai cika wuce tafin hannu ba, amma a Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da tara shi sana'a da abin sha'awa, har suna da kasuwanninsa da littattafansa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi asalin bajon mayaƙan sama, a nuna waɗanda suka shafi ƙasar nan, sannan a dubi yadda masu tarawa ke rarrabe na ƙwarai da jabu. A ƙarshe za a yi ƙoƙarin nuna iyakar abin da bajo ke iya shaidawa.

Asalin Abin

Tun kafin a fara ɗinka alama a riga, a jikin jirgi aka fara zana ta, kuma larura ce ta kawo haka. A farkon Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1914, sojan ƙasa kan harbi duk jirgin da suka gani a sama, nasu da na abokan gaba. Faransawa sun riga sun sa wa jiragensu da'ira mai launin tutarsu tun 1912. Turawan Ingila suka fara zana tutarsu, sai aka ga daga nesa tana kama da gicciyen Jamus, saboda haka kafin shekarar ta ƙare su ma suka koma ga da'ira, suka juya jerin launukan. Wannan alamar ƙasa ke nan. Daga nan sai kowane rukuni ya fara neman tasa alamar, don matuƙi ya gane ɗan'uwansa a cikin hargitsin yaƙi, kuma don alfahari.

Rukuni na 3 na Faransa ya zaɓi wata tsuntsuwa 'yar'uwar shamuwa, wadda ke yin sheƙa a kan gidajen lardin Alsas. Jamus ta ƙwace wannan lardi tun 1871, saboda haka duk Bafaranshen da ya ga tsuntsuwar ya san abin da ake nufi: ƙasar da aka rasa, wadda ake son a karɓo. A wannan rukuni ne Georges Guynemer ya kakkaɓo jirage 53 kafin ya ɓace a ranar 11 ga Satumba 1917. A Italiya kuma, Francesco Baracca, wanda asalinsa sojan doki ne, ya zana baƙin ingarma ya ɗaga ƙafafun gaba. An kashe shi a watan Yuni 1918 bayan ya harbo jirage 34. Bayan yaƙi iyayensa suka ba Enzo Ferrari izinin amfani da dokin, aka fara ganinsa a jikin motocin tsere a 1932. Dokin nan da samari ke gani a motar Ferrari, alamar mamacin soja ce.

Amurka ta shiga yaƙin a 1917. Rukuninta na 94 ya zana doguwar hula mai taurari a cikin zobe. A al'adar 'yan dambensu ta dā, wanda ke neman karawa yakan jefa hularsa cikin fage, wato dai alamar tana cewa Amurka ta shigo. Eddie Rickenbacker, wanda ya harbo jirage 26, shi ne fitaccen ɗan wannan rukuni. Mai karatu zai lura cewa a duk misalan nan uku alamar magana ce a taƙaice, kamar kirari, wanda sai wanda ya san asalinsa ke fahimtarsa.

Hanya Biyu: Ingila da Amurka

Bayan yaƙin, Ingila da Amurka suka bi hanyoyi daban. Turawan Ingila, bisa ɗabi'arsu ta son tsari, suka ga kowane rukuni yana zana abin da ya ga dama, sai a 1935 aka naɗa mai duba bajon sojan sama daga cikin masanan tambarin sarauta na birnin Landan. Aka tsara siffa ɗaya ga kowa: da'ira mai sunan rukuni da lambarsa, kambin sarauta a sama, zane a tsakiya, take kuma a ƙasa, galibi da Latinanci. Sai an zana da hannu, Sarkin Ingila ya sa hannu a kan takardar, sannan bajo ya tabbata. An fara wannan a 1936, zamanin Sarki Edward na Takwas. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, irin wannan bajo ya fi zama a jikin jirgi da bangon bariki. Bayan yaƙin ne ya yawaita a rigar tuƙi da kuma aljihun kwat ɗin tsofaffin soja, an ɗinka shi da zaren zinariya.

Amurkawa kuwa a riga suka fi son nasu. Tun 1931 aka ba matuƙansu wata rigar fata mai suna A-2, kuma a ƙirjinta na hagu ake ɗinka bajon rukuni, mai faɗin kamar inci biyar. Zanen nasu ya fi karkata ga ban dariya. Kamfanin Walt Disney mai finafinan zane ya tsara wa rundunoni alamu kusan 1,200 a lokacin yaƙin, kyauta, kuma agwagwar nan Donald ta fito a fiye da 200 daga ciki. Da yake rukunoni sun warwatsu a duniya, kowa inda ya sauka nan yake ba da a yi masa. A Italiya baduku suka yi na fata aka shafa fenti. A Indiya aka yi da zaren azurfa da na zinariya. A Sin aka yi da siliki, ko a yanka fata kala-kala a harhaɗa. Saboda haka gwanin abin, da ya juya bajo ya dubi ɗinkinsa, yakan faɗi ƙasar da aka yi shi.

Alama kuma takan yi ƙaura. Wani rukunin Jamus ya zana bakin kifi mai haƙora a hancin jiragensa. Rukuni na 112 na Ingila, wanda ke yaƙi a hamadar Misira da Libiya, ya kwaikwaya a 1941. A ƙarshen wannan shekara wasu matuƙan Amurka 'yan sa-kai da ke taimakon Sin a ƙarƙashin Claire Chennault suka ga hoton a jarida suna Bama, su ma suka zana a nasu. Yau duniya ta fi sanin bakin kifin da su, alhali su ne na uku a layi. Waɗannan matuƙan ne kuma suka shahara da ɗinka wani ƙyalle a bayan riga, mai tutar Sin da rubutun Sinanci, yana roƙon duk wanda ya tsinci baƙon nan ya taimake shi, domin ya zo taya su yaƙi ne.

Akwai kuma bajon da ya zama hujja a gwagwarmayar baƙar fata. Sojan Amurka na lokacin a ware suke, fari daban baƙi daban, kuma manyan hafsoshi da yawa sun ɗauka baƙin mutum ba zai iya tuƙa jirgin yaƙi ba. Duk da haka aka horar da matuƙa baƙaƙe kusan dubu a Tuskegee, cikin jihar Alabama. Rundunarsu ta 332, wadda Benjamin O. Davis ƙarami ya shugabanta a Italiya, ta ɗauki baƙar damisa mai fitar da wuta ta baki a matsayin tambari, ta kuma shafa wa wutsiyar jiragenta jan fenti. Aikin da suka yi yana cikin abin da ya ƙarfafa Shugaba Truman ya ba da umurnin kawar da wariya a cikin soja a 1948.

Waɗanda Suka Shafe Mu

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu? Ga misalai uku.

Na farko shi ne bajon Rukuni na 47 na Ingila. Jirage uku na wannan rukuni ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba 1925, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Su ne jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya. Shugaban tafiyar, Arthur Coningham, shi ne daga baya ya riƙe mayaƙan saman Ingila a yaƙin hamada. Rukunin ya koma Hartum a 1927. Bajonsa yana ɗauke da kan wata tsuntsuwa dangin gauraka, wadda ke cin rani tsakanin Rasha da Sudan, domin rukunin ya yi aiki a ƙasashen nan biyu. Takensa kuma sunan kogin Nilu yake ambata. An rushe rukunin a 2023.

Hanyar da suka buɗe ta yi rana. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy, da Fashir, da Hartum, har Alƙahira. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta nan. Jamus ta san muhimmancin hanyar, har ta aiko jirgi ya ƙetare Sahara ya jefa bam a filin jirgin Fort Lamy a Janairu 1942.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. A lokacin yaƙin an kafa asusun taimakon Ingila a ƙasashen da take mulka, aka ƙayyade cewa fam 5,000 ne kuɗin jirgin Spitfire guda. Ƙasar da ta tara da yawa sai a raɗa wa rukuni sunanta. Ta haka aka sami rukunoni biyu masu sunan Gwalkwas, na 183 da na 218, aka kuma sami Rukuni na 91 mai sunan Nijeriya, wanda aka kafa a Hawkinge, kudancin Ingila, a Janairu 1941. Jiragensa sun ɗauki sunayen lardunan ƙasar nan. Wanda shugabansu Oxspring ya tuƙa a 1942 sunan Lardin Oyo ne a jikinsa. Aikinsu na farko leƙen asiri ne a gaɓar Faransa, jirgi ɗaya ko biyu, shi ya sa takensu ke nuna cewa su kaɗai suke fita nema. A 1944 suka harbo fiye da 180 daga cikin bama-baman nan masu tashi da kansu, V-1, da Hitila ya riƙa aika wa Landan. Ɗaya daga cikin matuƙansu, Bafaranshe Jean Maridor, ya rasu ranar 3 ga Agusta 1944 sa'ad da ya matsa kusa ƙwarai ya fasa wani bam da ya nufi wani asibitin soja a Benenden. A Janairu 1947 aka canza lambar rukunin zuwa 92, sunan Nijeriya ya bi ruwa.

A tsakiyar bajon wannan rukuni akwai kusurwa-uku guda biyu sarƙe da juna, wato tauraro mai tsini shida wanda malamanmu ke kira hatimin Annabi Sulaimanu. An ɗauko shi ne daga tutar Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka, wadda aka yi amfani da ita daga 1914 zuwa 1960. Shi ne kuma ke jikin kobo mai huji, da ɗari, da anini. Lugga da kansa ya rubuta cewa ya ga zanen ne a murfin wata butar tagulla da aka samu lokacin da aka ci Kwantagora, abin da ya faru a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ka ga ke nan zanen da maƙerin farfaru ya yi a kan tagulla ya zama ganima, ya zama tutar masu ganimar, ya zama kuɗin da talaka ke biyan haraji da shi, daga ƙarshe ya zama tambarin matuƙan da ke tsaron Landan.

Misali na uku na sojan ƙasa ne, amma jirgin sama ne ya riƙe rayuwarsu. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Hausawa da yawa suka yi yaƙin Bama a cikinta, ta shiga kwarin Kaladan inda babu hanyar mota, abincinta da harsashinta duk daga sama ake jefo mata su. Bajonta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, an ɗauko shi daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wanda shi ne takwaran Gizo namu. Runduna ta 82 kuma mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, don tunawa da dubban 'yan dako da suka ɗauki kayan yaƙi a ka. Irin waɗannan bajoji sun shigo garuruwanmu a kafaɗun 'yan mazan jiya a 1946.

Masu Tarawa da Matsalar Jabu

Sojojin da suka dawo gida ne suka fara musayar bajo tsakaninsu. Da suka tsufa suka fara rasuwa, magada suka riƙa sayar da kayansu, kasuwa ta buɗe, yanzu kuma ta koma kan intanet. Da kuɗi ya shigo, sai jabu ya biyo baya. Akwai wanda aka yi shi da gaskiya don taron tsofaffin soja, kamar na zaren zinariya da ake ɗinkawa da hannu a Sialkot ta Pakistan, daga baya wani ya sayar da shi a matsayin tsoho. Akwai kuma wanda aka yi don zamba tun farko, a jiƙa shi da ruwan shayi, a goge shi da ƙasa, ya yi kamar ya sha jiki.

Masu tarawa suna da hanyoyin gwaji. Na ɗaya, zare. Kafin 1945 auduga da ulu da siliki da rayon ake amfani da su. In aka ciri ɗan zare aka kusanta shi da wuta, auduga takan ci ta zama toka, zaren roba na zamani kuwa yakan narke ya dunƙule. Na biyu, fitila mai shuɗin haske irin wadda ake gwada takardar kuɗi da ita. Farin zare na zamani yakan yi ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari da aka sa masa, na dā kuwa galibi ba ya yi. Sai dai tsohon bajon da aka wanke da garin sabulu na yanzu shi ma yakan yi ƙyallin, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. Na uku, baki. Dajiyar nan mai kauri da inji ke zagaye bajo da ita sai cikin shekarun 1960 ta yawaita. Na dā yanka bakinsa ake yi. Na huɗu, baya. In aka ga abin mannawar nan mai kama kamar ƙarangiya, to maganar Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙare, domin sai cikin shekarun 1950 aka yi rajistar ƙirƙirarsa.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne sanin salsalar bajon: wa ya sa shi, a ina, ta hannun wa ya biyo. Bajon da ya zo tare da hoton mai shi da littafin da yake rubuta tashinsa da saukarsa shaida ne da masanin tarihi zai iya aiki da shi. A nan ne kasuwa ke yin ɓarna mafi girma. Dillali yakan sayi akwatin mamaci, ya farke bajo daga riga, ya sayar da riga ga wannan, hoto ga wancan, littafi ga wani, domin a rarrabe sun fi kawo kuɗi. Kowa ya sami abin ado, labarin mutumin kuwa ya tarwatse, ba mai iya sake haɗa shi. Aikin ya yi kama da na wanda ya yanke isnadi ya riƙe matani kawai.

Abin da Bajo Ba Ya Faɗa

Wajibi ne mai nazari ya tuna cewa bajo yabon kai ne, masu shi suka zaɓi abin da za a zana. Agwagwa mai riƙe da bam abin dariya ce, amma samarin da suka sa ta sun san abin da ke jiransu. Runduna ta Takwas ta mayaƙan saman Amurka, wadda ke tashi daga Ingila, ta rasa mutum kimanin 26,000. Masu jefa bam na Ingila sun rasa fiye da 55,000. Ban dariyar wata hanya ce ta danne tsoro. Waɗanda bam ya faɗa wa kuma ba su da bajo: kimanin mutum 40,000 a Hambug cikin Yuli 1943, da kimanin 100,000 a Tokiyo a dare ɗaya cikin Maris 1945.

Haka nan bajon Rukuni na 91. Ya adana sunan Nijeriya, amma bai adana sunan manomin da aka karɓi sulensa ta hannun dagaci ba, ko na dubban mutanen da aka tilasta wa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa. Wanda zai karanta bajon nan daidai sai ya ajiye shi kusa da takardun lardi, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da abin da dattawa suka bari na baka.

Kammalawa

Nijeriya ta kafa nata sojan sama da doka a watan Afrilu 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, kuma shugabansu na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, jiragensu na Alpha Jet sun yi aiki a Laberiya tun daga 1990. Rukunonin da suka yi waɗannan ayyuka sun bar alamunsu a riguna da hotuna, mutanen farko kuma sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Gara da asu ba su san tarihi ba, haka ma ɗan gwangwan.

Saboda haka shawara ga ɗalibai ita ce, wanda ya je hutu ya tarar da irin wannan abu a adakar kakansa, kada ya farke shi daga riga, kada ya wanke shi. Ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya rubuta sunan mai shi da lambarsa da inda ya yi aiki, ya tambayi tsofaffin gida abin da suka ji daga bakinsa, ya ajiye takardar tare da bajon a busasshen wuri. In iyali sun yarda, a kai kofen hoton da bayanin sashen tarihi na jami'a, inda na baya za su same su.